Awa uku a cikin jar mota: me masu sharhi suka gani a "Drive My Car"?

Abban Sadiq:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙorafi na kawo, kuma duk wanda ya saka fim ɗin nan cikin jerin kallonmu na wannan watan ya fito ya kare kansa. Drive My Car, na Ryusuke Hamaguchi, ɗan Japan. Minti 179 cur. Sai da aka ci wajen minti 40 kafin a rubuto sunayen 'yan wasa, ni har na ɗauka an tashi ne. Mutum na zaune a bayan mota, yarinya na tuƙi, kaset na ta zuba. In sun sauka kuma a zauna a kewaye tebur a yi ta karatu da murya ɗaya kamar masu bitar hadda. Wai wannan ne ya ci Oscar a 2022, kuma ƙungiyar masu sharhin fim ta New York da ta Los Angeles da ta Amurka baki ɗaya duk suka ce babu kamarsa a 2021. Ko dai ni ne ban waye ba, ko kuma mutanen nan kunyar juna suke ji, kowa na tsoron ya ce barci ya kwashe shi.

Yaya Babba (mai kula da zaure):
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa: wanda bai kalla ba ya sani za a tona labarin nan har ƙarshensa. Sannan farkon fim ɗin akwai wuraren da ba na kallo da yara ko a gaban surukai ba ne, kada wani ya kunna a falo ya zo yana zagina. Bismillah, a yi a hankali.

Malam Na-Samaru:
Ni ne na saka shi, Abban Sadiq, kuma ga ni. Karatun nan da ya gundure ka, da gangan aka yi shi. Haka Hamaguchi yake horar da 'yan wasansa a zahiri: su yi ta maimaita rubutun ba tare da sa masa wani shauƙi ba, har kalmomin su zauna musu a baki, sai ranar ɗauka a sake su. Dabarar ya same ta ne daga Jean Renoir, daraktan Faransa. Abin da ya yi a nan shi ne ya ɗauko hanyar aikinsa ya damƙa wa jarumin, Kafuku, wanda aka gayyata Hiroshima ya shirya wasan daɓe na marubuci Chekhov, Uncle Vanya. Kuma ka lura 'yan wasan ba sa jin harshen juna: wannan Japananci, wannan Koriyanci, waccan Sinanci, wani Tagalog na Filifin, ga kuma wadda ba ta magana sai da hannu. In ba ka jin abin da abokin wasanka ke faɗa, dole ka koma sauraron numfashinsa da inda muryarsa ta tsaya. Kafuku kuwa mutum ne da ya shekara da shekaru bai saurari matarsa ba. To ka ga inda aka dosa.

Abban Sadiq:
Allah ya gafarta Malam, na ga inda aka dosa. Tambayata ita ce me ya hana a isa da wuri.

Autan Hajiya:
Ni fa a waya na kalla, na ƙara masa gudu zuwa ɗaya da rabi, kuma wallahi ban rasa komai ba. Mata ta ci amanar miji, ta mutu, ya yi baƙin ciki, direba ta lallashe shi. Shi ke nan fa.

Maman Ilham:
Auta, ka rasa, ba ka dai san ka rasa ba. Ka faɗa min a wane lokaci ne ya bar kujerar baya ya dawo gaba kusa da ita?

Autan Hajiya:
Anti, daman ya canza kujera?

Maman Ilham:
Ka ji ko. Ranar farko ko makullin motar ba ya son ba ta. Masu bikin wasan daɓen da suka gayyace shi ne suka tilasta masa, saboda wani baƙonsu ya taɓa kaɗe mutum, suka kafa doka cewa baƙo ba ya tuƙa kansa. Motar nan, jar Saab 900, ita ce ɗakin da yake keɓewa da muryar matarsa Oto, wadda ta ɗaukar masa wasan a kaset ta bar gurbin layukansa. Har masauki ya nema mai nisan awa guda don ya riƙa samun lokacin sauraro. Sai ga baƙuwa 'yar shekara 23 an dasa masa a ciki, daidai shekarun da 'yarsu za ta kai da nimoniya ba ta ɗauke ta tana da shekara 4 ba. Daga "ba na so" zuwa daren da ya dawo gaba, suka kunna sigari suka miƙa hannuwa ta tagar rufin motar don kada hayaƙi ya kama kujeru, ba abu ne da za a yi a minti goma ka yarda da shi ba. Wanda ya taɓa zama da mai takaba ya san ba ranar farko take buɗe baki ba, kuma in ka matsa mata ma ka ɓata.

Amma kada Malam ya ɗauka ina layinsa gaba ɗaya. Ina da tawa, zan dawo.

Ba-Damagare:
Ina gaida mutanen Najeriya. Ni ba tsawon ne ya dame ni ba. Mu da muka tashi da fim ɗin Indiya na awa uku, har mu nemi ƙari, ba mu da bakin kukan tsawo. Abin da nake so a duba shi ne hanyar da yabon ya biyo. A Yulin 2021 aka nuna shi a bikin Cannes na Faransa, ya ci kyautar rubutu, shi Hamaguchi da Takamasa Oe. A Agusta ya fito a Japan, bai yi wata kasuwar a zo a gani ba. Sai da Amurkawa suka ɗaga shi a ƙarshen shekara, aka sa shi takarar Oscar a rukuni huɗu, sannan gidajen sinima na Japan suka ƙara masa wuri jama'a suka taso. Wannan tsohon zance ne. Rashomon na darakta Akira Kurosawa ma kamfanin da ya yi shi bai ɗauke shi da wani muhimmanci ba sai da ya ci babbar kyautar bikin fim na Venice a 1951. Ni a ganina akwai irin fim ɗin da bukukuwan Turai ke so daga Asiya: shiru, doguwar ɗauka, mutum na kallon teku. Daraktoci sun gane haka, suna ɗinka rigar daidai wuyan mai saye. Abin da mutanen Japan ke tururuwar kallo daban ne. A 2020 fim ɗin zane na Demon Slayer ne ya karya tarihin kasuwarsu, daga baya ya haura yen biliyan 40.

Malam Na-Samaru:
Mutumin Damagaram, rabin maganarka na karɓa. Gaskiya ne tambarin waje yana ƙara wa fim kasuwa a gida. Amma batun ɗinka riga bai hau kan wannan mutumin ba. Wanda ke neman kasuwar biki ba zai yi Happy Hour ba, fim ɗinsa na 2015, minti 317, da mata huɗu waɗanda ba sana'arsu ce wasa ba, ya same su ne a wani taron horarwa a Kobe. Su huɗun suka raba kyautar jaruma a bikin fim na Locarno. Kuma a 2021 ɗin nan dai wani fim ɗinsa, Wheel of Fortune and Fantasy, ya ci kyauta ta biyu mafi girma a bikin Berlin, shi kuwa surutu ne tun daga farko har ƙarshe.

A nan ne ma nake ganin wasu masu yabon suka yi kasala. Da sun ga fim ɗin Japan mai tafiya a hankali sai su jawo sunan Ozu, tsohon daraktan ƙasar, su kawo zancen natsuwar mutanen Gabas. Ozu kyamararsa a ƙasa take, ba ta cika motsi ba, mutanensa kuma suna ɓoye abin da ke ransu a bayan gaisuwa da zancen yanayi. Mutanen Hamaguchi magana suke yi har ka gaji. Shi da bakinsa John Cassavetes, darakta Ba'amurke, yake yawan ambata a matsayin wanda ya buɗe masa ido. Ga Chekhov ɗan Rasha, ga wasan daɓen marubuci Samuel Beckett a farkon fim ɗin, motar ta Suwidin ce, sunan fim ɗin kuma daga waƙar Beatles Haruki Murakami, marubucin labarin da aka gina fim ɗin a kai, ya ɗauko shi. Da a Busan ta Koriya ta Kudu ma za a ɗauki yawancinsa, korona ce ta mayar da su Hiroshima. Wane "shirun Japan" kuma?

Shi kansa Ozu labarinsa ya saɓa wa naka. Tokyo Story ya fito a 1953, masu fitar da fina-finai suka ƙi kai shi waje wai ya cika Japananci, Turawa ba za su gane ba. Ya rasu a 1963 kafin a san shi sosai a Amurka. A 2012 daraktocin duniya suka zaɓe shi na ɗaya a ƙuri'ar mujallar Sight and Sound.

Ba-Damagare:
To ai ka ƙarfafa ni ne, Malam. Wa ya yi ƙuri'ar? Mujallar Landan. Har yanzu dai su ne masu sikelin.

Malam Na-Samaru:
A gida ma an auna shi. Mujallar Kinema Junpo, wadda ta girmi Oscar, ta sa Drive My Car na ɗaya a fina-finan Japan na 2021, kuma ya kwashe kyauta takwas a bikin karramawar masana'antar fim ta ƙasar, har da ta gwarzon fim.

Abban Sadiq:
Duk wannan lissafin kofuna ne. Ni ba a amsa min ba: in kowa ya ce abu ya yi kyau, ni kuma na yi hamma, laifin wa?

Gimbiyar Zazzau:
Yaya Abban Sadiq, ba kai ka fara wannan tambayar ba. A 2011 wani marubuci, Dan Kois, ya yi rubutu a mujallar New York Times yana cewa ya gaji da tilasta wa kansa kallon irin waɗannan fina-finai don kawai a ce shi ma ya waye. Manyan masu sharhin jaridar biyu, Manohla Dargis da A. O. Scott, suka mayar masa da martani suna kare fim mai jan ƙafa. Ita Dargis ɗin ce kuma bayan shekara goma ta yaba Drive My Car matuƙa. Wato rigimar tana nan tun kafin fim ɗin.

Abin da nake so mu saka a lissafi shi ne yadda kowa ya kalla. Mai sharhi yana zaune a ɗaki mai duhu, allo ya fi bango, waya a kashe, ba mai kiransa, kuma aikinsa ke nan, biyansa ake yi. Mu kuwa a waya, ana karanta fassara a ƙasan allo da ƙananan haruffa, yaro na kuka, a ɗauke wuta a tsakiya. Akwai wurin da suka isa Hokkaido sautin ya ɗauke ɗif, ba ƙarar inji ba kiɗa, sai dusar ƙanƙara. A sinima wannan zai sa tsigar jikinka ta tashi. Ni na ɗauka abin kunnena ne ya lalace, na ciro shi ina bugawa a tafin hannu. Ba fim ɗaya muka kalla da su ba.

Autan Hajiya:
Wallahi ni ma na duba ko waya ce ta maƙale.

Maman Ilham:
To ga tawa. Ni inda na saɓa da masu yabon ba jan ƙafa ba ne, akasin haka ne. Fim ɗin ya yi awa biyu da rabi yana koya mana cewa abin da ba a faɗa ba ya fi nauyi. Sai aka je kan kangon gidan su Misaki, direbar, inda zaftarewar ƙasa ta binne uwarta, Kafuku ya tsaya cikin ƙanƙara ya zayyane mana komai da baki: ya kamata in ji zafi, na guje wa gaskiya, ina son ganinta in yi mata faɗa, dole mu ci gaba da rayuwa. Haba! Duk mun riga mun gane. Tun daren da ya faɗa mata cewa Oto ta ce suna da magana in ya dawo, shi kuma ya yi ta yawo a mota don tsoron abin da za ta faɗa, ya dawo ya tarar da ita a ƙasa, jini ya zuba mata a ƙwaƙwalwa. Ita ma Misaki ta riga ta faɗi nata, cewa ta fito daga gidan ta bar uwar a ciki. Wannan ya isa. Maimaicin nan na kan dutse kamar darakta ne ya ji tsoron kada mu kasa ganewa.

Na biyu, Oto. Mace ce da ba mu san ta ba sai ta bakin maza biyu da ke jayayya a kan wa ya fi saninta. Labaranta ma sai a shimfiɗa suke zuwar mata, da safe ta manta, mijin ne ke tuna mata. An daɗe ana yi wa Haruki Murakami wannan ƙorafin, cewa matan littattafansa ƙofa ce kawai da namiji ke bi ya gano kansa. Marubuciya Mieko Kawakami ta tare shi da wannan tambayar ido da ido a hirarsu da aka buga a 2017. Masu sharhi da yawa sun wuce wurin da sauri saboda sun riga sun kamu da son fim ɗin.

Malam Na-Samaru:
Hajiya, ta biyun ba ni da ja sosai, sai dai in ce Hamaguchi ya rage laifin. Gajeren labarin da ke cikin littafin Murakami, Men Without Women na 2014, bai ba direbar rabin abin da fim ya ba ta ba. Tafiya Hokkaido babu ita a can. A fim ne muka ji yadda ta koyi tuƙi tun tana 'yar sakandare, tana kai uwarta tashar jirgin ƙasa, in mota ta yi girgiza uwar ta farka sai duka. Shi ya sa tuƙinta ba ya ko motsa ruwa a kofi. Kuma ita ce ta ce masa me zai hana ya karɓi matarsa yadda take, mai sonsa da gaske kuma mai neman wasu, ba tare da ya mai da ita wani abin al'ajabi ba. Kin ga fim ɗin da kansa ya san ƙorafinki.

Ta farkon kuwa ban yarda ba. Mutumin nan sana'arsa furta kalmomin wasu. Ya ƙi hawa matsayin Vanya ne don ya ce rubutun Chekhov yana jawo abin da ke cikin mutum waje, shi kuma ba zai iya ɗauka ba. Ya ba Takatsuki, saurayin da ya kama da matarsa, matsayin da ya fi shi shekaru nesa ba kusa ba. Tun farkon fim ba mu taɓa jin Kafuku ya faɗi nasa da bakinsa ba. In kalmomin sun fito a dagule, ba gishiri, haka na wanda bai saba ba suke fitowa.

Maman Ilham:
Malam, ai ba a dagule suka fito ba, a shirye suka fito tsaf, matsalar ke nan. Kwatanta da abin da ya biyo baya, inda Sonya ta cikin wasan daɓen ta tsaya a bayan Vanya ta zagayo da hannuwanta gabansa tana yi masa jawabin ƙarshe da yaren hannu na Koriya. Ba sauti ko ɗaya, kuma saƙon ɗaya ne da na kan dutsen: za mu haƙura mu rayu. Park Yu-rim, wadda ta fito a Sonya, ta gama aikin a nan. Me ya sa za a ba ni shi sau biyu?

Gimbiyar Zazzau:
Ina bayan Anti a wannan. Ni wurin da ya fi tsaya min ma ba ko ɗaya daga ciki ba ne. Doguwar maganar Takatsuki ce a bayan mota, lokacin da ya ƙarasa labarin yarinyar da ke shiga gidan saurayi a ɓoye, ya nuna wa mijin cewa shi an ba shi ƙarshen da miji bai taɓa ji ba. Masaki Okada, wanda ya fito a Takatsuki, yana kallon kyamara kusan kai tsaye, ido ya ciko. Ba ka sani ba ko gaskiya yake faɗa ko wasa yake yi, ga shi kuma a daren ne ya lakaɗa wa wani mai ɗaukarsa hoto dukan da ya zama ajalinsa. Da aka zo rabon yabo sunan Hidetoshi Nishijima, wanda ya fito a Kafuku, aka fi kira, har ƙungiyar masu sharhi ta ƙasa a Amurka ta ba shi gwarzon jarumi. Ni Okada zan ba.

Ba-Damagare:
Bari in ƙara abu ɗaya a kan Oscar, don kada a ce na ƙi gaskiya. Fim ɗin ba shi da babban kamfani a bayansa a Amurka. Janus Films da Sideshow ne suka rarraba shi, ƙananan kamfanoni, suka fara da 'yan gidajen sinima ƙalilan a Nuwamban 2021. Ba kuɗin talla ne ya kai shi ba, masu sharhi ne suka yi ta buga ganga har masu ƙuri'a suka ji kunyar ƙin kallo. Shi ne fim ɗin Japan na farko da ya shiga takarar gwarzon fim, Hamaguchi kuma na uku daga ƙasar a takarar darakta, bayan Teshigahara da Kurosawa. Sai dai kada a manta an faɗaɗa masu ƙuri'ar tun daga 2016, an shigo da 'yan ƙasashen waje da yawa, kuma Parasite na Koriya ya riga ya fasa ƙofar a 2020. Da a 2005 ya fito, da rukunin fim ɗin waje kaɗai zai gani. A ƙarshe ma shi ɗin kaɗai ya ci, fim ɗin CODA ya ɗauki babbar. Kuma mutumin da ya sa duniya ta zauna awa uku, da ya hau karɓar kyautar kiɗa suka sako masa tun bai gama godiya ba.

Abban Sadiq:
Alhaki ne ya kama shi.

Yaya Babba (mai kula da zaure):
Abban Sadiq, a ji tsoron Allah.

Abban Sadiq:
To na ji. Zan sake kallon wurin Takatsuki da na mai yaren hannu, tunda Gimbiya da Maman Ilham sun matsa, amma ba zan koma farko ba ko da kuɗi. Kuma har yanzu ina nan a kan bakana: fim ɗin da sai Malam ya yi maka darasin Renoir da Chekhov kafin ka ji daɗinsa, na malamai ne. Tambaya ta ƙarshe, don ita ce ta hana ni barci bayan barcin da na sha. Me ya kai yarinyar Koriya da motar mutumin, har da kare a kujerar baya? Aure suka yi?

Malam Na-Samaru:
Ba a faɗa ba. Ni na ɗauka kyauta ya ba ta, tunda ga ciwon ido yana cinsa, kuma ya daina buƙatar kaset ɗin.

Maman Ilham:
Wane aure kuma, sa'ar 'yarsa ce fa. Ku dai maza. Karen kuwa ya yi min kama da na gidan ma'auratan nan 'yan Koriya da suka gayyace su cin abinci, ina jin wurinsu ta samu aiki. Ka duba kumatunta kuma, tabon ya dushe, alhali a Hokkaido ta ce ba ta son a cire shi.

Autan Hajiya:
Daman tana da tabo?